Dutsen Bafaranshe da Na Yi wa Haƙora

Kwanan baya wasu samari suka tsaya a kaina a bakin kasuwa ina gyara wa wata mata dutsen niƙa. Ɗayansu ya taɓa ɗan'uwansa ya ce, "Wannan ai ba sana'a ba ce, bugun dutse ne kawai. Ko ƙanena zai iya." Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da goro. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Ku 'yan zamani, duk abin da ba a jona shi da lantarki ba wasa ne a wurinku. To, bari in faɗa muku abin da ke cikin bugun dutsen nan, da irin abin da ya taɓa jawo wa wani bawan Allah da ya zo mana daga Faransa.

Sunana Ila, a Daura an fi sanina da Ila Mai Dutse. A hannun kawuna na koya, mutumin da ba ya koyarwa da baki. Na daɗe a wurinsa ban taɓa guduma ba. Aikina tara kara da busasshen kashin shanu, in hau da su kan wani falalen dutse da ke hanyar Mashi, mu hura wuta a kansa tun da hantsi. Dutse ba ya son gaggawa. Za ka yi ta ƙara wuta, zafi yana cin tafin ƙafarka, har sai ka ji ya yi ƙara daga ciki, tas, sannan ka san fuskarsa ta rabu da jikinsa. Sai a sa ƙarfe a ɓamɓaro. Kuma ba duk abin da aka ɓamɓaro ne dutsen niƙa ba. Kawu zai ƙwanƙwasa ya kasa kunne. In ya amsa garau, a ɗora wa jaki. In ya amsa kamar fasasshiyar tukunya, a bar shi nan komai kyansa. Na taɓa dagewa a kan wani, na ce ni ban ji wani aibu ba. Bai yi mini musu ba. Ya bar ni na ɗauko shi a ka har gida, na yi ta sassaƙa, ranar da zan gama ya rabe biyu a hannuna. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, yanzu kunnenka ya buɗe."

Dutsen niƙa biyu ne, uwa da ɗa. Uwa ita ce babbar da ke kwance a ƙasa, ɗa shi ne ƙaramin da mace ke riƙewa tana gurzawa a kanta. In ɗaya ya fi ɗaya tauri da yawa, zai riƙa cin ɗan'uwansa, mutanen gida su yi ta tauna tsakuwa a tuwo suna tsine wa Ila. Sannan akwai haƙora, waɗannan ƙananan ramuka da muke bugawa a fuskar dutse don su kama hatsi. Bugun nan shi ne koɗawa. Kawuna da makoɗi yake yi, wani dunƙulallen dutse mai taurin tsiya, ni kuma na fi sabawa da 'yar guduma mai tsini da maƙeri ke yi mini da ƙarfen sifirin ɗin mota. In ka buga da ƙarfi dutse ya tsage, in ka buga da sanyi ka wuni ba ka yi komai ba. Duk dutsen da ya sha niƙa haƙoransa suna cinyewa, ya yi sulɓi, hatsi ya riƙa zamewa ba ya niƙuwa. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen labarin: a wurinmu sulɓi shi ne mutuwar dutse. Duk inda muka ga dutse ya yi santsi, hannunmu ƙaiƙayi yake.

Masu sayen kayana mata ne, kuma ban taɓa ganin wadda ta ce aiki ya yi tun a karon farko ba. Sai ta shafa, ta yatsina fuska, ta ce na mahaifiyarta ya fi wannan. Da injin niƙa ya shiga kowace unguwa, hatsi ya bar hannunmu, aka bar mu da masu yaji da masu magani da matan rugage. Abin da ya riƙe ni shi ne mutanen ƙetare, masu shigowa ta Kongolam ranar kasuwa, da 'yan ƙauyukan wajen Babban Mutum. Shekarar da aka rufe boda kuwa na ga ta kaina. Duwatsu suka taru a rumfata ba mai ko taya su. Na sayar da jakina. A ƙarshe wani mai gini ya ce yana neman tsakuwa, na ɗauki babbar guduma na farfasa iyayen duwatsun da na sassaƙa da hannuna, aka kwashe su a baro aka zuba a kankare. Akwai wani bene a garin nan da har yau ba na son bi ta gabansa.

Cikin 'yan kaɗan ɗin da ba su taɓa barina ba akwai Hajiya Yalwa, wata dattijuwa mai sayar da yaji da daddawa a unguwarmu. Ita ta rantse inji yana sa wa yaji ɗanɗanon ƙarfe. Ɗan dutsenta na mahaifiyarta ne, da shi aka kai ta ɗaki, ya sha hannu har gefensa ya lotsa daidai yatsu. Ba ta ba da aronsa, ko ni in zan koɗa shi a gabanta nake yi. Bayan rasuwar maigidanta ta ba da hayar sashen waje na gidan, wani Bature Bafaranshe ya kama. Sunansa Jilbar, mutane suka mai da shi Jibrin, shi ma ya karɓa. Makanikin injin sanyi ne, wani ɗan kasuwa ya ɗauko shi ya haɗa masa gidan ƙanƙara mai aiki da hasken rana. Ya yi shekaru a Damagaram kafin ya ƙetaro, saboda haka akwai Hausa a bakinsa, irin ta can. Mutum ne mai shiru, ya manyanta, kansa duk sanƙo. Yana cin tuwon da Hajiya ke aika masa ya mayar da kwano a wanke. Ranar da ciwo ya kayar da ita, shi ya sa ta a motarsa ya kai ta asibiti ya zauna har ta farfaɗo. Da aka ji zai koma ƙasarsu, Hajiya ta rasa inda za ta sa kanta don neman abin da za ta saka masa da shi.

Wata safiya ta aiko a kira ni. Jibrin ya tafi Kano neman tikitin jirgi, ya bar mata makulli kamar yadda ya saba. Na tarar da ita a tsakar gida, ga wani abu a gabanta an lulluɓe da zane. Ta yaye.

"Ila, ka taɓa ganin dabara irin ta Turawa? Ɗan dutse da mariƙi!"

Na tsuguna. Dutse ne kewayayye kamar an dafa shi a tukunya, faɗinsa ya kai faifai, an ɗaura masa mariƙin ƙarfe a sama. Na ɗaga, nauyinsa ya kai jarka cike da ruwa. Na ƙwanƙwasa, ya amsa da wata murya da ban taɓa ji a bakin dutse ba. Na kifa shi. Ƙasansa ya ɗan lotsa ciki, wani siririn zobe ne kawai ke taɓa ƙasa, kuma ga santsi kamar kwalba.

Hajiya ta ce, "Tun da ya zo nake ganinsa a ƙofar ɗakinsa, kullum yana goge shi da tsumma. Bawan Allah, dutsen ya sha niƙa har ya mutu, ba shi da mai koɗa masa. Ka yi masa haƙora, ka yi masa uwa daidai shi, ya tafi wa iyalinsa da su."

Na ce, "Hajiya, ya sani kuwa?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ya sani kamar yaya? Kai in za ka yi wa baƙo alheri shela kake yi? In na tambaye shi ai cewa zai yi a bari, don kunya. Yi aikinka kawai."

Gaskiyarta ce, haka muka tashi muka ga ana yi. Alherin da aka nemi izini kafin a yi shi rabinsa ya zube. Ko yau aka kawo mini magana irin wannan ban ga inda zan ce ta karkace ba.

Ban taɓa shan wuya a hannun dutse irin wannan ba. Makoɗi ya riƙa tsalle a kansa yana dawowa. Gudumata ta dakushe, na kai wa maƙeri ya sake mata baki, ta sake dakushewa, har ya tambaye ni ko ƙarfen jirgin ƙasa nake sara. Tafin hannuna ya kumbura. Amma da na gano bugun da yake so, gajere, a karkace, sai ya fara karɓa. Na jera masa haƙora layi bayan layi, tun daga zoben har tsakiya, ba ɗaya da ya fi wani zurfi. Na samo uwa mafi tauri da nake da ita na daidaita masa. Hajiya ta zuba gero hannu guda, ta kama mariƙin ta ja gaba ta ja baya, sai ga gari lukui yana zuba. Ta rangaɗa guɗa. Ni kaina na tsaya ina kallon aikin, don a duk shekaruna ban yi kamarsa ba.

Ranar da Jibrin ya dawo, Hajiya ta sa aka kira ni don in sami rabona na godiya. Ta bari ya sha ruwa, sannan ta yaye zanen tana murmushi. Ya dubi uwar, ya dubi dutsensa a kanta, da sauran gari a gefe. Ya sunkuya ya kifa shi. Na ga fuskar mutum ta canza launi a gabana, abin da nake ji a labari. Ya zauna daɓas a ƙasa, yana bin haƙoran da yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne."

Hajiya ta ce, "Ai ba sai ka gode ba, ɗan nan. Kai ma ka yi mini abin da ya fi haka."

Ya yi wata doguwar magana da Faransanci, ba da mu yake ba. Can ya ce, "Hajiya, wannan ba na niƙa ba ne."

"To na mene ne, in ba niƙa ba?"

Ya rungumi dutsen ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa. Muka tsaya ni da ita cirko-cirko.

Washegari da hantsi ya same ni a rumfata. Ya zauna a kan wata uwa da ban gama ba, abin da in da wani ne sai na tashe shi, don ba a zama a kan dutsen niƙa. Ya miƙo mini waya ya ce, "Malam Ila, duba aikin dutsen."

Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. Wani dogon fili ne fari fat a cikin katafaren ɗaki, ƙasan duk ƙanƙara. Ƙanƙarar da muke sayen ɗan gutsure mu jefa a kunu da azumi, su sun shimfiɗa ta suna yawo a kai. Sai ga wani ya durƙusa da gwiwa ɗaya riƙe da dutse irin wannan sak, ya sulalo, ya sake shi a hankali. Dutsen yana tafiya yana juyawa. Sai wasu ƙarti biyu, magidanta da gemunsu, suka bi shi da tsintsiya mai doguwar ƙota suna share masa hanya kamar za su haƙa rami, wani kuma can ƙarshe yana daka musu tsawa. Wurin cike da mutane da tutoci, ana ta ihu.

Na ce, "Innalillahi! Waɗannan laifin me suka yi aka sa su shara?"

Ya ce, "Ba laifi ba ne, wasa ne. Wanda ya saki dutsen ni ne."

Na dubi wayar, na dube shi. Shi ne kuwa, lokacin da sauran gashinsa.

Ya faɗi sunan wasan, kalin ko me, harshena bai taɓa kama shi daidai ba. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. A ƙarshen filin an zana da'ira a cikin da'ira, suna ce mata gida, wanda dutsensa ya fi kusa da tsakiya shi ya ci. Sharar kuma ba don datti ba ce, gogar tsintsiyar ce ke ɗan ɗumama ƙanƙarar, dutsen ya ƙara nisa ya kuma miƙe. Kafin a fara sai an yayyafa wa ƙanƙarar ruwa ta yi ƙuraje-ƙuraje. A nan ne na gane ashe su uwar suke koɗawa, ɗan kuma su bar shi da santsinsa. Komai nasu a juye yake. Wannan siririn zoben da na ɗauka cin niƙa ne, shi ne ran dutsen gaba ɗaya, a kansa yake tafiya, da shi yake lanƙwasa ya zagaye dutsen abokin gaba. Ni kuwa a kansa na fara bugu.

Ya ce tun yana saurayi yake ɗaukar tutar Faransa a wannan wasa har furfura ta fito masa. Ya buga a Sikotiland, inda ake haƙo irin wannan dutse a wani tsibiri a tsakiyar teku. Ya buga a Suwidin, ya buga a Kanada, inda ya ce ko tsofaffin mata sai su koya maka hankali. Ƙasarsa ba ta cikin manya a wasan. Bana su hau rukunin gwanayen Turai, baɗi a koro su ƙasa, su sake fafutukar hawa. In za a tafi gasa hutu yake ɗauka daga gyaran firiji, sau da yawa kuɗin jirgi ma daga aljihunsu yake fita. A garinsu in ya faɗi wasan da yake yi sai a yi dariya a ce ya zo ya share musu kicin.

Na ce, "To me kuke samu?"

Ya ce, "Wani lokaci lambar ratayawa a wuya. Yawanci mura."

Na riƙe baki. Mutum ya zagaye duniya yana tura dutse, ba gona ba, ba fatauci ba! Amma da na tuna ni ma a kan dutse na ƙarar da ƙuruciyata, kuma ko Legas ban taɓa zuwa ba, sai na ga ba ni da bakin yi masa dariya.

Ya nuna mini wasansa na ƙarshe. In sun ci, za su je babbar gasar da ƙasashen duniya duka ke haɗuwa, wadda duk ɗan wasa ke mafarki. Dutsen ƙarshe a hannunsa yake. Ya sake shi, aka yi shara kamar za a mutu, ya shiga gida ya tsaya gab da na abokan gaba. Ido ya kasa rabewa, sai da aka kawo sandar awo. Na waɗancan ya fi kusa, da abin da bai kai kaurin yatsa ba. Daga nan ya ajiye wasan, ya nemi aiki a ƙasar da babu ƙanƙara sai wadda ya yi da hannunsa.

Wannan dutsen kuwa, ya ce, ba a shiga gasa da shi, can masu masauki ne ke ba da duwatsu. Na kakansa ne, wanda ya yi wasa da shi a kan tafkin da ke daskarewa a tsaunukansu. Daga kaka ya zo hannun uba, daga uba ya zo hannunsa. Al'adar gidansu ce, duk wanda zai fita ya buga wa ƙasa sai ya fara sakin wannan dutse sau ɗaya a filin garinsu. Shi bai taɓa fita bai yi ba. Yanzu an zaɓi 'yarsa, karo na farko za ta sa rigar ƙasa, ta bugo masa waya ta ce, Baba, kawo dutsen. Dalilin komawarsa gida ke nan.

Na ce a kwance mariƙin mana a juya shi, a yi amfani da ɗaya fuskar. Ya girgiza kai, ya ce waccan fuskar ta ɓalle tun zamanin kakansa, mariƙin ne ya rufe tabon.

"Malam Ila, kai ka yi haƙoran. Kana iya cire su?"

Duk rayuwata yaƙi nake da sulɓi, ranar aka ce in je in nemo shi. Na ɗora dutsen a kan uwar da na yi masa, na riƙa zuba yashin rafi da ruwa ina juyawa. Daga yashi na koma rairayi mai laushi, daga nan toka, na aro takardar guga a wurin masu sa tayil, na ƙarasa da fata da mai. Amma ga inda gizo ke saƙar. Haƙoran da na yi masu zurfi ne, don aikin kirki na yi. Kafin ka kai gindinsu ka cinye zoben. Kullum da la'asar Jibrin zai zo ya shafa da yatsa, ya ɗaga shi saitin rana ya duba, ya ajiye ya tafi.

Da na ga iyakar ƙoƙarina ke nan, ya ce mu gwada. Ya zuba ruwa a daɓen ɗakin sanyi na gidan ƙanƙarar, ya bar shi ya daskare. Hajiya ta ce sai ta je. Tun ranar da na ba ta labarin abin da na gani a waya ba ta sake kasa yajinta ba. Ta zo ta naɗe da mayafi biyu, riƙe da tsintsiyar gidanta. Sanyin ɗakin har cikin haƙori. Jibrin ya yayyafa ruwa da yatsu ya jira, sannan ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Nan take ya zama wani mutum, bayansa ya miƙe, idonsa ya tsaya wuri guda. Ya saki dutsen.

Ya tafi! Har na buɗe baki zan yi hamdala. Sai ya karkace hagu ba dalili, ya ja jiki, ya tsaya bai kai rabin ɗakin ba. Ya sake gwadawa, wannan karon ya karkace dama. A na uku Hajiya ta shiga gabansa a sunkuye tana sharewa da tsintsiyarta, ƙafarta na zamewa, tana cewa, "Tafi mana, don Allah tafi." Dutsen ya tsaya a gaban ƙafarta.

Jibrin ya ce, "Hajiya, bari. Ya isa."

A nan cikin sanyin ya kira 'yarsa, irin kiran da ake ganin juna. Ya kifa dutsen ya nuna mata. Ta duba, sannan ta yi 'yar gajeriyar magana, ta kashe.

Hajiya ta ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce kada in zo da shi. Ba ta son ta gan shi haka."

A hanyar komawa Hajiya ta ce mini, "Ila, na kashe wa mutane gadon kaka da sunan alheri."

Ana jibi zai tafi, Jibrin ya sauke dutsen daga mota a bakin rumfata. Ya ce, "Mayar masa da haƙoran, ka kai wa Hajiya. Tunda ba zai yi wasa ba, ya ci abinci." Haka na sake koɗa shi karo na biyu. Na farko da murna na yi, wannan kuwa ba da son raina ba, don yanzu na san abin da nake bugu.

Ranar tafiya Hajiya ta fito da ƙullin yaji da daddawa, da hannunta ta sa masa a jaka, ta yi masa addu'a ba ta ɗago kai ba. Shi ma ya amsa a gajarce. Na ce a raina shi ke nan, zumunci ya ƙare a haka. Da yamma wayata ta yi ƙara, Jibrin ne daga filin jirgin Kano. Ya ce na'urar duba kaya ta ga wani abu a jakarsa, an buɗe, an sami dutse a naɗe cikin tsohon zane, ƙarƙashin yajin.

"Malam Ila, wannan mene ne?"

Na ce ya kwatanta mini. Ya ce ɗan madaidaici ne, baƙi-baƙi, gefensa ya lotsa, yatsunsa suna zama a ciki daidai. Salati kawai na saka. Na ce masa ɗan dutsen mahaifiyarta ne, wanda aka kai ta ɗaki da shi, wanda ko 'yar cikinta ba ta yarda ta taɓa.

"Me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

Na ce, "Jibrin, ai yanzu ka san halinmu."

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Can ya ce, "Sun ce jakar ta yi nauyi, sai na rage wani abu."

Na ce, "To?"

"Na cire takalma."

Bayan wasu watanni ya turo mini hoto da saƙon murya. Ya ce kafin 'yarsa ta fita, ta saki ɗan dutsen Hajiya a filin garinsu, ya yi 'yar tafiya ya wuntsila ya tsaya, ta ce ya isa, ta sa shi a jakarta. Ba su ci gasar ba, ba su kuma zo na ƙarshe ba. A hoton ga ta nan da rigar ƙasarsu da tsintsiyarta, a bayanta kuma, kan benci a bakin ƙanƙara, kusa da gorar ruwa, ga ɗan dutsen da ya ƙare rayuwarsa yana niƙa barkono a Daura. Na kai wa Hajiya wayar. Ta daɗe tana kallo, ta kawo ta kusa da ido ta kai ta nesa, sannan ta ce, "Sun bar shi a sanyi, ko zane babu."

To wanda ya ce ƙanensa zai iya, ya turo shi, ina rumfata. Guduma ba ta da wuyar riƙewa, amma abin da ta buga ba ya komawa. Hajiya tana nan da ranta, ta koma kasa yajinta, da dutsen Bafaranshe take niƙa, hannu biyu a kan mariƙin. Duk dutsen da na taɓa koɗawa a garin nan sai ya dawo wurina ya yi santsi a sake masa haƙora, wani shekara-shekara, wani ma bai kai ba. Wannan kaɗai ne bai dawo ba. An haƙo shi daga tsakiyar teku don ya yi sulɓi, tun daga hannuna bai sake yi ba. In na bi ta ƙofar gidan da hantsi na jiyo ƙarar niƙansa, sai in ƙara sauri.